Ƙarancin G6PD: Yadda gadon jini ke ƙayyade ƙarfin enzayim a tsakanin al'ummomin duniya

Mutum biyu za su iya shan magani iri ɗaya don cuta iri ɗaya, ɗaya ya warke sumul, ɗayan kuwa bayan kwana biyu idanunsa su yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, jininsa ya ragu har sai an yi masa ƙari. Sau da yawa asalin wannan bambanci yana cikin wani furotin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda masana ke taƙaita dogon sunansa da G6PD. Kowa yana gadon wani nau'i na wannan furotin daga iyayensa, kuma nau'in da ya gada shi ke ƙayyade yawan aikin da furotin ɗin zai iya yi.

Ƙarancin G6PD shi ne matsalar enzayim ta gado da ta fi yaɗuwa a duniya. Ƙiyasin masana ya nuna sama da mutum miliyan 400 ne ke ɗauke da shi, akasarinsu a Afirka, ƙasashen bakin Tekun Bahar Rum, Gabas ta Tsakiya da kudancin Asiya. Najeriya na cikin ƙasashen da ya fi yawa, kuma wani muhimmin sashe na binciken da ya fayyace shi a Ibadan aka gudanar.

Aikin G6PD a cikin jini

Enzayim furotin ne da ke hanzarta wani aiki na sinadarai a cikin jiki. Akwai dubbansu, kowanne da aikinsa, kuma umarnin ƙera kowanne yana rubuce a ƙwayoyin gado. Idan aka sami ɗan canji a wannan umarni, sai a ƙera furotin mai ɗan bambanci. Wani canjin ba ya taɓa aikin furotin ko kaɗan, wani yana rage shi, wani kuma yana sa furotin ɗin ya lalace da wuri.

G6PD yana amfani da sukarin da ke cikin ƙwayar jini wajen samar da wani sinadari mai suna NADPH. Shi kuma wannan sinadari yana sabunta gulutatayon, wanda ke kare ƙwayar daga ɓarnar da iskar oksijin da wasu sinadarai ke yi, ɓarna mai kama da tsatsar da ke cin ƙarfe. Sauran ƙwayoyin jiki suna da wasu hanyoyin samun NADPH, kuma suna iya ƙera sabon enzayim idan tsohon ya ƙare. Jar ƙwayar jini ba ta da wannan gata. Tun daga lokacin da ta baro ɓargo ba ta ƙara ƙera furotin, don haka da guzurin da ta fito da shi za ta yi rayuwarta ta kimanin kwana 120.

Idan guzurin ya gaza, kuma aka gamu da magani ko abinci ko cuta mai ƙara wannan ɓarna, sai himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin, ya dunƙule a cikin ƙwayar. Wasu ƙwayoyin sukan fashe a cikin jijiya, wasu kuma saifa ta tsince su ta rushe. Sakamakon shi ne ƙarancin jini na farat ɗaya da shawara.

Yadda aka gano shi

Masanin kimiyya ɗan Jamus Otto Warburg da abokin aikinsa Walter Christian ne suka fara gano enzayim ɗin a farkon shekarun 1930. Alaƙarsa da cuta kuwa sai bayan shekara ashirin ta bayyana. A lokacin yaƙin Koriya, likitocin sojan Amurka sun lura cewa maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna firimakwin yana fasa jinin kusan ɗaya cikin goma na sojoji baƙar fata, alhali da wuya ya yi wa fararen haka. Masu bincike na Jami'ar Chicago sun bi diddigin lamarin ta hanyar gwaji a kan fursunonin gidan yarin Stateville da ke jihar Illinois. A 1956 Paul Carson da abokan aikinsa suka nuna cewa jajayen ƙwayoyin waɗanda maganin ke cutarwa suna da ƙarancin G6PD.

Ba a jima ba aka gane cewa wannan ne kuma dalilin wata tsohuwar cuta da mutanen Italiya, Girka da Masar suka daɗe da sani, wadda ke kama wasu mutane bayan sun ci waken ful.

A daidai wannan zamani aka sami sabuwar dabarar rarrabe furotin. A 1955 Oliver Smithies ya ƙirƙiro hanyar tura furotin cikin daskararren sitaci da ƙarfin lantarki, inda kowane nau'i ke tafiya da nasa saurin. Da aka gwada G6PD ta irin wannan hanya a farkon shekarun 1960, sai aka ga nau'i biyu. Mai tafiya a hankali, wanda ya fi yawa a ko'ina a duniya, aka kira shi B. Mai sauri, wanda ake samu a tsakanin 'yan asalin Afirka, aka kira shi A. A 1986 aka karanta ƙwayar gadon kanta, kuma zuwa yau an gano canje-canje sama da 200 a cikinta.

Nau'o'i da ƙarfin kowanne

Furotin G6PD sarƙa ce mai gaɓoɓi 515. Kusan dukkan nau'o'in da aka sani sun bambanta da B ne a gaɓa ɗaya ko biyu kacal, amma wannan ɗan bambanci yana sauya ƙarfin enzayim sosai.

Nau'in B shi ne ma'auni, ana ɗaukar ƙarfinsa a matsayin kashi 100 cikin 100.

Nau'in A ya bambanta da B a gaɓa ta 126. Ƙarfinsa ya kusa na B, kuma ba ya haifar da wata matsala.

Nau'in A- yana ɗauke da canjin da ke cikin A, sannan da ƙarin canji na biyu, mafi yawa a gaɓa ta 68. Ƙarfinsa a jajayen ƙwayoyin namiji yakan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Shi ne nau'in ƙarancin da ya fi yawa a Afirka kudu da Sahara da tsakanin zuriyar 'yan Afirka a nahiyar Amurka.

Nau'in Bahar Rum yana da canji a gaɓa ta 188. Ƙarfinsa yakan yi ƙasa da kashi 5 cikin 100. Ana samunsa a Sardiniya, Girka, ƙasashen Larabawa, Iran da arewacin Indiya.

A gabashin Asiya akwai nau'o'in Canton da Kaiping a kudancin Sin, Mahidol a Tailan da Myanmar, da Viangchan a Laos da Kambodiya. Al'adar masana ita ce sa wa nau'i sunan wurin da aka fara gano shi.

Dalilin raguwar ƙarfin a mafi yawan nau'o'in shi ne saurin tsufan furotin. A cikin jar ƙwayar jini, rabin enzayim B yana lalacewa a cikin kimanin kwana 62, don haka ko ƙwayar da ta kai ƙarshen rayuwarta tana da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta fara da shi, kuma wannan ya ishe ta. Rabin enzayim A- kuwa yana ƙarewa a kimanin kwana 13. Kafin ƙwayar ta cika kwana 40, abin da ya rage mata bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ba.

Wannan ya bayyana abin da likitoci suka gani tun a gwaje-gwajen farko. A mai nau'in A-, tsofaffin ƙwayoyi ne ke fashewa. Da zarar sun ƙare, ɓargo ya fitar da sababbi masu isasshen enzayim, sai fashewar ta lafa da kanta. A mai nau'in Bahar Rum hatta sababbin ƙwayoyin ba su da abin kirki, don haka fashewar takan fi tsanani, takan kuma ci gaba muddin ba a daina abin da ya tayar da ita ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta tsarin rarraba nau'o'in a 2022 zuwa rukuni huɗu. Rukunin A ya ƙunshi nau'o'in da ba a cika samu ba, masu ƙarfi ƙasa da kashi 20 cikin 100, waɗanda ke haddasa fashewar jini a kullum ko babu abin da ya tayar. Rukunin B ya ƙunshi masu ƙarfi ƙasa da kashi 45, waɗanda ba sa yin illa sai an gamu da abin tayarwa, kuma a nan A- da na Bahar Rum suke. Rukunin C na masu ƙarfi sama da kashi 60 ne, marasa illa. Rukunin U kuma an ware shi ga nau'o'in da ake ci gaba da tantancewa.

Maza da mata

Ƙwayar gadon G6PD tana kan kiromosom X. Namiji yana da X guda ɗaya, wanda ya samu daga mahaifiyarsa, mace kuwa tana da biyu, ɗaya daga kowane mahaifi. Saboda haka uba mai ƙarancin ba ya gadar wa 'ya'yansa maza, amma dukkan 'ya'yansa mata za su ɗauki nau'in nasa. Uwa mai ɗauke da nau'in a X ɗaya kuma, kowane ɗa ko 'ya da ta haifa yana da damar rabi da rabi ta ɗauka.

Idan aka auna maza a al'umma, sukan rabu gida biyu a fili, masu cikakken ƙarfi da masu ƙaranci. Mata ba haka suke ba. A 1961 masaniyar Ingila Mary Lyon ta bayyana cewa tun mace tana cikin mahaifa kowace ƙwayar jikinta takan kashe aikin ɗaya daga cikin X ɗinta biyu, kuma zaɓin kan faɗa ne yadda ya faɗa. A 1962 Ernest Beutler ya tabbatar da hakan a jikin ɗan Adam ta hanyar amfani da G6PD. Ma'ana, macen da ta gaji nau'i mai ƙarfi da mara ƙarfi tana da jajayen ƙwayoyi iri biyu a gauraye. Wata mafi yawan nata masu ƙarfi ne, wata akasin haka, mafi yawa kuma suna tsakiya. Shi ya sa awon mata yakan bazu daga ƙasa har sama, kuma wasunsu kan kamu da fashewar jini kamar maza.

Lissafin gado yana nuna girman lamarin. A al'ummar da maza 20 cikin 100 ke da ƙarancin, ana sa ran mata 4 cikin 100 sun gaji nau'in a X ɗinsu duka biyu, wasu 32 cikin 100 kuma sun gaje shi a X ɗaya.

Taswirarsa da taswirar zazzaɓin cizon sauro

Yawan masu ƙarancin ya bambanta ƙwarai daga al'umma zuwa al'umma. A arewacin Turai da Japan da wuya a same shi. A tsakanin baƙaƙen Amurka ya kai kusan namiji ɗaya cikin goma. Binciken da aka yi a Ibadan da kewaye ya nuna kusan namiji ɗaya cikin biyar. Mafi yawan da aka taɓa aunawa shi ne a tsakanin Yahudawan Kurdistan, inda ya haura rabin maza.

A 1960 Anthony Allison da Arno Motulsky, kowa a nasa aikin, suka lura cewa wuraren da ƙarancin ya yi yawa su ne wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana kisa. Suka kawo ra'ayin cewa ƙarancin yana ba da wata kariya, shi ya sa ya yaɗu duk da illarsa.

Hujja ta farko mai ƙarfi daga Najeriya ta fito. Lucio Luzzatto, likitan jini ɗan Italiya da ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan daga 1964 zuwa 1974, tare da Essien Usanga da wani abokin aikinsu, sun duba jinin mata masu ƙwayoyi iri biyu da suka kamu da zazzaɓin. A sakamakon da suka wallafa a 1969, sun nuna cewa ƙwayar cutar ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin jajayen ƙwayoyi masu cikakken enzayim, alhali duka biyun suna gudana a jijiya ɗaya. A 1995 wani babban bincike a kan yaran Gambiya da Kenya ya sami raguwar haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kusan rabi ga masu nau'in A-. Binciken da ya biyo baya a ƙasashen Afirka da dama ya ƙara fayyace lamarin: ƙarancin yana rage haɗarin zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa, amma yana ƙara haɗarin matsanancin ƙarancin jini idan an kamu.

Nazarin ƙwayoyin gado da Sarah Tishkoff ta jagoranta a 2001 ya ƙiyasta cewa nau'in A- ya ɓulla ne tsakanin shekara kimanin 4,000 zuwa 12,000 da suka wuce, wato zamanin da noma da zama wuri ɗaya suka ba sauro damar yawaita.

Ko a yanki ɗaya akan sami bambanci tsakanin maƙwabta. A Burkina Faso an gano cewa nau'in A- ya fi ƙaranci a tsakanin Fulani fiye da Mosi da Rimaiɓe da suke zaune tare, duk da cewa Fulanin sun fi su jure wa zazzaɓin. Wannan ya nuna cewa hanyoyin kariya na gado suna da yawa, G6PD ɗaya ce daga cikinsu.

Abubuwan da ke tayar da shi

Mafi yawan masu ƙarancin suna rayuwa lafiya lau, da yawa ma har su tsufa ba su san suna da shi ba. Matsala takan taso ne daga abubuwa uku.

Na farko magunguna, irin su firimakwin da tafenokwin na zazzaɓin cizon sauro, dafson na kuturta, naitirofurantoyin na ciwon mafitsara, da metilin bulu. A 2008 kamfanin da ke yin maganin zazzaɓi na Lapdap, wanda ke ɗauke da dafson, ya janye shi daga kasuwa bayan gwaji a Afirka ya nuna yana zaftare jinin yara masu ƙarancin.

Na biyu cututtuka, kamar taifot, ciwon huhu da ciwon hanta.

Na uku waken ful, wanda ke cikin abincin yau da kullum a Masar, Sudan da Saudiyya. Hausawan Sudan da mahajjata da 'yan kasuwa masu zuwa waɗannan ƙasashe sun san shi sosai. Ya fi yin illa ga yara da masu nau'in Bahar Rum, amma an sami masu A- da ya taɓa. Waken gida da ake yin ƙosai da alala da shi wani jinsi ne daban, ba ya cikin wannan hukunci.

Alamomin sukan bayyana cikin kwana ɗaya zuwa uku: kasala, bugun zuciya, ɗashewar fata da tafin hannu, rawayar ido, ciwon baya ko ciki, da fitsari mai launin baƙin shayi. Mataki na farko shi ne dakatar da abin da ake zargi a garzaya asibiti. Mai tsanani yakan buƙaci ƙarin jini da kula da ƙoda.

Haɗarinsa ga jarirai

Babbar ɓarnar da ƙarancin G6PD ke yi a Najeriya ita ce shawarar jarirai. Takan bayyana a kwana na biyu ko na uku bayan haihuwa, lokacin da hantar jariri ba ta gama ƙwarewa wajen fitar da sinadarin bilirubin ba. Idan sinadarin ya yi yawa yakan shiga ƙwaƙwalwa, ya jawo mutuwa ko kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har ƙarshen rayuwa.

Wasu abubuwan cikin gida suna ƙara haɗarin. Farar ƙwallon kafur da ake sawa cikin akwatin tufafi tana ɗauke da naftalin, wanda ke shiga jikin jariri ta fata da numfashi idan an sa masa kayan da aka adana da ita. Likitocin yara a Najeriya sun kuma danganta hoda da man shafawa masu mantol da tsanantar shawara. A wasu ƙasashen Gabas ta Tsakiya an sami jarirai da ƙananan yara masu ƙarancin da jininsu ya fashe bayan an shafa masu lalle a jiki.

Maganin shawarar jarirai shi ne sa su ƙarƙashin fitila ta musamman a asibiti, idan ta yi tsanani kuma a musanya masu jini. Ruwan sukari da jiƙe-jiƙe ba sa rage bilirubin, sai dai su ɓata lokacin da ya kamata a ce an isa asibiti. Tun 1989 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a riƙa gwada jarirai a duk inda ƙarancin ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na maza. Singapo ta fara irin wannan gwaji tun 1965.

Yadda ake aunawa

Akwai gwajin da ke nuna akwai ko babu, kamar na ɗigon jini da Beutler ya ƙirƙiro a 1966, wanda ke kama waɗanda ƙarfinsu ya gaza kimanin kashi 30 cikin 100. Yana aiki sosai ga maza, amma yakan tsallake mata masu matsakaicin ƙarfi. Akwai kuma gwajin da ke ba da adadi, wanda ake buƙata kafin a ba da tafenokwin, domin ba a ba da shi sai ga wanda ƙarfinsa ya kai kashi 70.

Lokacin gwaji yana da muhimmanci. Idan aka auna mai nau'in A- yana tsakiyar fashewar jini, sakamako zai iya nuna lafiya, domin tsofaffin ƙwayoyin sun ƙare, sababbi ne suka rage. Haka ma wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. A irin wannan hali ana maimaita gwajin bayan kimanin wata uku.

Ƙarancin yana shafar wani gwaji na daban. Gwajin HbA1c na ciwon sukari ya dogara da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyi, kuma wani babban bincike na 2017 ya nuna cewa a maza masu nau'in A- sakamakon yakan fito ƙasa da yadda sukarinsu yake a zahiri, abin da kan jinkirta gano cutar.

Wasu enzayim masu irin wannan hali

G6PD ba shi kaɗai ba ne. A 1963 David Hopkinson, Spencer da Harry Harris a Landan sun gano nau'o'i uku na wani enzayim na jajayen ƙwayoyi mai suna asid fosfatas, suka kira su A, B da C. Sun nuna cewa ƙarfinsu yana tafiya kusan bisa 2 da 3 da 4, kuma ƙarfin da mutum ke da shi jimlar abin da ya gada ne daga uwa da uba. Idan aka auna jama'a baki ɗaya sai a ga kamar bambancin ba shi da tsari, amma da an ware su bisa nau'i sai kowane rukuni ya tsaya a nasa matsayin.

Akwai kuma kolinestaras na ruwan jini, wanda ke rushe wani maganin sassauta tsoka da ake amfani da shi lokacin tiyata. A mafi yawan mutane aikin maganin yana gushewa cikin 'yan mintoci. Wanda ya gaji nau'i mara ƙarfi daga iyaye biyu kuwa yakan kasa numfashi da kansa na sa'o'i. Werner Kalow ya fayyace gadon wannan hali a Kanada a shekarun 1950. A Turai yana shafar kusan mutum ɗaya cikin 3,000, amma ya fi haka yawa a al'ummar Vysya ta kudancin Indiya.

Bambancinsa da amosanin jini

Jama'a kan haɗa ƙarancin G6PD da cutar sikila, domin dukansu na gado ne, suna shafar jajayen ƙwayoyi, kuma zazzaɓin cizon sauro ne ya yaɗa su. Sai dai sikila canji ce a himogulobin, ƙwayar gadonta tana kan kiromosom na 11, kuma sai an gada daga iyaye biyu take zama cuta. Gwajin AA da AS da SS da ake yi kafin aure ba ya nuna matsayin G6PD, kuma mai AA zai iya kasancewa da ƙarancin.

Ƙarancin G6PD ba ya hana aure ko haihuwa ko aikin ƙarfi. Abin da likitoci ke buƙata daga wanda aka gano yana da shi shi ne ya riƙe shaidar gwajinsa, ya sanar da likita ko mai ba da magani kafin a rubuta masa wani abu, ya guji sayen magani barkatai, sannan a gwada 'yan'uwansa, musamman ta ɓangaren uwa. Ga iyalin da aka san da shi a cikinsu kuma, a nisanta kafur daga kayan jariri, a riƙa duba idonsa da fatarsa a hasken rana kowace safiya a makon farko, a kai shi asibiti a ranar da aka fara ganin rawaya.